Ƙafafun Gaban Babur Ɗin Babanmu

A gidanmu na Gashua, da an idar da magariba Kaka kan hura wuta a tsakar gida, ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta muna jiran tatsuniya. Ina 'yar shekara tara babanmu ya rasu. Yana hanyar kai bandar kifi kasuwar Nguru babur ɗinsa ya faɗa rami. Bayan kwana uku aka kawo babur ɗin a akori-kura, ƙafafun gaba, wato ƙarafan nan biyu masu riƙe da taya, sun lanƙwashe kamar lauje.

Da aka yi sadakar arba'in, ƙanensa, Baffa Bukar, ya kai ƙafafun wurin wani bakanike a Nguru. Ya gasa su, ya danne da jak har suka miƙe, amma ya gaya wa Baffa gaskiya: irin wannan farin ƙarfen mai alminiyon, in ya lanƙwashe sau ɗaya, yakan tsage ta ciki inda ido ba ya gani. Sababbi kuwa an nema an rasa. Baffa ya ɗaura su a haka, don cin gidan duk ya dawo kansa.

Ranar da ya dawo, yana gefe yana goge babur, Kaka ta ce, "Ku matso, ta yau ta wani masunci ce."

Wai sandar da yake tuƙa kwalekwale da ita ce ta karkace, ya gasa ta a wuta ta miƙe sarai. Uwarsa ta roƙe shi ya bar ta. Ya ce ruwa ya kawo, kifi ba zai jira shi ba. Ya tura kwalekwale tsakiyar kogi. Nan Kaka ta tsayar da tatsuniyar.

Na ce, "Kaka, sai ta karye?"

"Ban sani ba, Hajjo. Uwar dai tana bakin ruwa har yanzu."

Baffa ya ajiye tsumma. "Iya, in ban fita ba, me yaran nan za su ci?"

"Ni jikokina nake wa tatsuniya, Bukar."

Shekara huɗu ya yi yana hawan babur ɗin, ƙafafun ba su karye ba. Amma duk ranar kasuwar Nguru Kaka ba ta sa komai a baki, tana zaure da carbi har sai ta ji ƙarar injin. A irin wannan rana ta rasu, kafin la'asar. Ta tambaya ko Baffa ya shigo, Innarmu ta ce, "Ya shigo, Iya." Alhali yana hanya.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin gargaɗi ga ɗa mai taurin kai. Sai da nawa ɗan ya fara fita nema a kan babur na gane Baffa ba shi da laifi, Kaka ma ta san haka. Shi ya sa ba ta taɓa hana shi ba. Zaman jiran kawai take son wani ya sani.