Ranar da Na Mayar da Inna Gida Cikin Ƙanƙara

Damina biyu Inna ta yi a Ƙaura Namoda, a wani ɗaki da muka kama mata bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma ko sau ɗaya ban ji ta kira wurin gida ba. Masauki take cewa. Mun baro ƙauyenmu, can gaba da Birnin Tsaba, a shekarar da 'yan bindiga suka kore shanun garin kaf, har da bijiman nomanmu. Baba bai ga wannan ba, ya riga ya rasu. Abin da Inna ta fito da shi bai wuce akwatin ƙarfe da tukwane da wani tulu da ta liƙe bakinsa da laka ba. Irin dawa ne a ciki, farfara, gauraye da toka don kada ƙwari su ci.

Ni direba ne. Ina da tsohuwar a-kori-kura, ina ɗaukar hatsi da albasa tsakanin Ƙaura da Shinkafi, wani lokaci Zurmi. Ina saurayi na yi yaron mota a wata babbar mota mai zuwa Mambila, a can na fara ganin ana naɗa wa taya sarƙa don ta kama laka a kan hawa. Abin bai taɓa fita raina ba. Da muka dawo Ƙaura sai na ɗauki sarƙar garmarmu, wadda ba ta da sauran amfani tunda babu shanun ja, na haɗa da ta jan mota, na kai wa mai walda ya yi mini guda biyu daidai tayoyin baya. Direbobin tasha suka yi ta dariya. Wani ya tambaye ni ko motar ce ta haukace zan ɗaure ta. Na zuba su a buhu na tura ƙarƙashin kujera, suka shekara ban taɓa su ba.

A damina ta uku labari ya zo cewa wasu sun koma ƙauye, har sun yi shuka, geronsu ya fito. Ran nan na je gaida Inna da safe na tarar ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure tukwane a zane. Yayana yana tsugunne a bakin ƙofa, ya baro shagonsa na kasuwa ya zo ba ta baki.

"Inna, ki yi haƙuri zuwa kaka. A ga yadda waɗanda sunka koma za su ƙare."

Shi ɗan fari ne, Inna ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta juyo gare ni.

"Gaya mai iri wanga in ya ƙara wata damina cikin tulu ya mutu. Ni kau ban aje shi don in zubar ba."

"Ko hanya ba ta biyuwa," in ji Yaya. "Jiya anka ce fadama ta riƙe mota biyu."

"Gaya mai da ƙafa anka kai ni garin nan ina amarya. In mota ba ta zuwa, ƙafafun na nan."

Yaya ya dube ni, irin kallon da ke nufin in sa baki. Ni ma ina da mata da 'ya'ya a Ƙaura, kuma na san abin da ke cikin dajin nan kamar yadda ya sani. Amma na gaji. Na gaji da wucewa ta bakin hanyar garinmu ina kawar da kai kamar wanda ya yi sata a can. Na ce, "Ni zan kai ta."

Ya tashi ya ɗauki akwatin da kansa ya sa a bayan mota, ya juya ya tafi kasuwa ba sallama.

Ba mu fita da wuri ba, sai da hantsi ya dubi ludayi, don na tsaya neman mai. Inna ta zauna a gaba da tulun a kan cinyarta. Tun kafin Birnin Tsaba na ga gabas ta haɗe, baƙi ƙirin, ƙasansa kuma wani fari-fari da ban so ba. A inda ake sauka daga babbar hanya akwai rumfar 'yan kabu-kabu, duk sun tura baburansu ciki sun zauna. Wani dattijo a cikinsu ya ɗaga mini hannu, na rage gudu.

"Direba, ka ga gabas kuwa?"

"Na gani, Baba."

"To ina za ka da tsohuwa?"

Inna ta leƙo ta taga. "Gida za shi da ni, Malam. A yi muna addu'a."

Ya ce Allah shi kiyaye, yana girgiza kai. Na sa giya na sauka.

Iska ce ta fara zuwa, ta kwantar da geron da ke gefen hanya. Sai ruwa, manyan ɗigo jefi-jefi. Can sai na ji kamar an watsa tsakuwa a rufin mota. Ƙanƙara ce. Cikin ɗan lokaci ƙarar ta kai ko Inna ta yi magana sai dai in ga bakinta yana motsi. Waifa ɗaya ke aiki a motar, ta gefena, ita ma ba ta iya komai. Wata tsohuwar tsaga da ke jikin gilashin gaba na ga tana tafiya a hankali har ta kai ƙarshe. Gonaki suka yi fari fat, abin da ban taɓa gani ba a ƙasarmu, sai wani sanyi ya cika motar. Tagar gefen Inna ba ta rufuwa duka, ƙanƙara na faɗowa a kan zanenta. Ta rufe tulun da mayafinta, ta tsinci ƙwaya ɗaya ta jefa a baki tana tsotsa kamar yarinya.

Tun daga bakin hanya yashi ne, mota na tafiya. Matsalar fadama ce, baƙar laka mai santsi kamar miyar kuɓewa. Muna shiga na ji bayan motar ya fara rawa. Na murɗa kan mota dama, ta tafi hagu. Ta zame a gicciye a hankali, ni ina riƙe da sitiyari kamar ba ni ne direba ba, har tayar baya ta faɗa wani kwari a gefe. Na taka mai, taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana feshin taɓo.

Wurin nan kuwa kurmi ne ta kowane gefe. Direbobin hanyar sun san shi, ko fitsari ya matsi mutum ba ya tsayawa sai ya wuce. Na kashe mota. Na zauna ina kallon kurmin.

"Mi kake jira?" in ji Inna.

Na jawo buhun daga ƙarƙashin kujera na fita. Sarƙoƙin sun yi tsatsa, sun cukurkuɗe, sai da na baza su a kan laka na warware ɗaya bayan ɗaya. Ƙanƙara na dukan bayana da ƙeyata. Na ɗaga tayar da jak a kan wani katako, katakon na nutsewa, na ƙara wani a kai. Dole mutum ya kwanta ya zura hannu bayan taya ya maƙala ƙugiyar ciki, sannan ya dawo ya ja ta waje. Na kwanta rubda ciki a taɓo. Yatsuna suka sandare, ƙugiyar ta yi ta kuɓuce mini. Sai na ji dukan ya daina sauka a kaina, ƙarar ta koma ta ƙarfe. Na ɗaga ido na ga Inna tsaye a kaina, ta ciro babban farantin tuwonta daga cikin kaya ta riƙe mini shi kamar laima, ita kuma ruwa na zuba a fuskarta.

"Inna, ki koma ciki."

"Ɗaura abinka."

Na gama ɗaya, na ɗaure ta tamau da robar tsohon tiyub ɗin taya, na koma ɗaya gefen. Ina tsakiyar ta biyu na ji kukan babur daga bayanmu. Duk wanda ya zauna yankinmu ya san a kan babur 'yan bindiga ke zuwa. Hannuna ya tsaya. Na fara duba inda zan ja Inna mu shige, na ga babu, ko gudu ba ta iyawa.

"In su na, sun iske mu muna aikinmu," in ji ta, ba ta ko waiwaya ba. "Ɗaura."

Na ci gaba da ɗaurawa, ban san yadda na yi ba. Kukan ya matso, sai ya tsaya. Na leƙa ta ƙarƙashin mota na hango babur guda can nesa, mutum na riƙe da shi a ƙasa, wata mace a bayansa. Sun tsaya cak suna kallonmu. Ashe su ma tsoronmu suke ji, sun ga mota a gicciye a kan hanya. Muka daɗe a haka, ba mai motsi. Inna ce ta ɗaga farantin sama ta yi musu sallama da ƙarfi. Matar ta saki ajiyar zuciya har muna ji, ta taho tana zamewa. Mutanen ƙauyen gaba da namu ne, sun sayo taki, laka ta hana su hawa, yana tura babur ɗin da wuta ita tana biye. Ta gane Inna, ta durƙusa cikin taɓon nan ta gaishe ta.

Muka ɗora babur da buhun takin a baya, daidai kan tayoyi, don nauyi na taimakon sarƙa. Ƙanƙara ta tsaya, saura ruwa. Na tada mota na sa giya ta biyu, na saki kuloci a hankali kamar mai sauke jariri. Na ji sarƙa ta ciji ƙasa. Motar ta yi nishi, ta girgiza, ta fito daga kwarin. Ban taka birki ba, ban ƙara mai ba, na bar ta tana tafiya kacau-kacau, tana jan jiki kamar tsohuwar saniya, har muka fita fadamar.

Sai rafi. Da rani yashi ne zalla, yara na wasa a ciki. Ran nan ya cika da jan ruwa yana tafe da karare da rassan itace. Mai babur ya sauko ya tsaya kusa da ni.

"Wanga ba ya ƙetaruwa yau. Mu koma bakin hanya mu kwana."

Na ce rafin yashi ne, yadda yake cika da sauri haka yake janyewa. Na kafa kara a bakin ruwan don mu ga saukarsa. Muka yi alwala da ruwan da ya taru a farantin Inna, muka yi salla a bayan mota bi da bi. A nan wayata ta yi ƙara, wurin yana da ɗan tudu, sabis na kamawa. Yaya ne.

"Kuna ina?"

"Bakin rafi."

"Nan Ƙaura rufin shaguna ya yaye. Ka juyo da ita tun da sauran rana."

Tun da na yi wayo ban taɓa musa masa ba. Na ce, "Yaya, abin da ke bayanmu ya fi na gabanmu muni. Kuma ko bai fi ba, ba ni juyowa. Gida muka nufa."

Sai ya ce in kira shi in mun isa.

Bayan la'asar ruwa ya bar karan da tazara mai kyau. Na tuɓe riga na shiga da ƙafa ina taka ƙasan, na gano inda yashi ya fi tauri, ruwan iya cinya. Na naɗe wayoyin filogi da leda. Na ce matan su sauka mu ƙetare da su a hannu. Matar mai babur ta sauka. Inna ta gyara zaman tulunta ta ce ita da mota tare za su fita.

Na shiga. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya rufe mana ƙafafu, na ji yana tura motar gefe. Inna na salati ƙasa-ƙasa. A kan hawan fita sarƙar hagu ta tsinke, ta fara dukan jikin mota kamar ana sara ƙarfe. Ban tsaya ba. Na danne mai a karon farko tun da na ɗaura sarƙa, ta dama ta riƙe, muka hau tudu. Na kashe mota, na koma muka ƙetaro da matar mai babur.

Rana na gab da faɗuwa muka shiga gari. Gidaje da yawa ba kowa, amma hayaƙi na tashi daga wasu, na ji ana daka a wani wuri. Zaurenmu ya faɗi. Rumbu biyu sun zube, tumfafiya ta fito a tsakar gida har ta fi ni tsawo. Ɗakin Inna na tsaye, kusurwa ɗaya ce ta rufta. Na tsaya ina jiran ta yi kuka. Ta ajiye tulun a inda ba ya yoyo, ta karyo reshen sabara ta fara shara. Kafin magariba maƙwabciyarta ta shigo da garwashi a kasko, suka rungume juna, sai Inna ta hau tambayarta wa ya dawo, wa bai dawo ba, wa ya rasu a can.

Da safe na aro sungumi. Ina sara tana biye da ni, tana jefa iri tana rufewa da diddige, ƙasa a jiƙe har ciki. Ba duka ya tsiro ba, ya daɗe a ajiye. Inda ya yi gibi ta cike da dashe daga gonar maƙwabta. A daminar nan sau biyu mutanen gari suka kwana a daji saboda an ce ga 'yan bindiga nan tafe, ita ma tare da su, kuma kowane karo gari na wayewa ta dawo ta hura wutarta. Abin da ta girbe bai kai rabin na da ba, amma shi ta ci har rani.

Tana can har yanzu. Nakan je ranar da na samu lodin Zurmi, in kai mata gishiri da manja. Bara ta tara mazan garin a ƙofar gidanta ta ce ba za a yi ta zama fadama na raba su da asibiti ba. Ta sa ni na yi ta kwaso marmara daga tudu, su kuma suna zubawa suna dakewa. Ruwan farko ya kwashe rabi. Da ƙasa ta ɗan sha iska muka koma muka sake zubawa.