Gogen Maman Rifkatu

"Amarya, wannan ba kuka ba ne, masassara ce!"

Haka Maman Rifkatu ta ce da ni tana danne dariya. Maƙwabciyarmu ce a Azare, ma'aikaciyar jinya, lokacin ina sabuwar amarya a shekarun casa'in. Gogen Turawa na marigayi mijinta ne a kafaɗata, wata bakwai tana koya mini shi.

Ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta, ga shi an yi mata canjin wurin aiki. Burinta ɗaya, ta sake jin sautin nan mai rawa da mijinta yake fitarwa kafin ta tafi.

Ni kuwa littattafan soyayya sun cika mini kai. Na ɗauka baƙin ciki ne ke sa goge kuka, sai in lumshe ido in girgiza hannu har kafaɗa.

"To yaya zan yi, Mama?"

"Kafa yatsa ɗaya kan tsirkiyar, kada ya gusa. Saki hannunki. Jijjiga shi a hankali, kamar jariri a goye."

Ranar da motar kwashe kayanta ta zo, na sake gwadawa. Sautin ya yi rawa, numfashi ɗaya kacal. Maman Rifkatu ta ajiye kwalin da ke hannunta ta zauna a kai.

"Sake."

Na sake, bai fito ba.

"Ya isa, 'yata. Na ji shi."

Ta tafi da gogenta, ban ƙara taɓa wani ba. Ku fa, wa ya taɓa koya muku abin da shi ne yake kewarsa?