Gwajin Manhaja a Siton Dutsen Abba

Har gobe, in na rufe ido, ina ganin safiyar da Injiniya Nazifi ya shigo ofishinmu na Tudun Wada. Yatsunsa na fara gani, dogaye, suna yawo a kan laftof kamar ba sa taɓa ta. Kafin in ɗaga kai in ga fuskar, wallahi har na zaɓi kalar ankon bikinmu. Ku yi dariyarku, ku sababbin shiga sashenmu na kwamfuta. A lokacin na ƙoshi da littattafan soyayya, duk baƙo mai ƙamshin turare babi na ɗaya ne a wurina.

Kamfaninmu na abincin kaji ne da magungunansu, muna da sito a Hanwa, wani a Dutsen Abba. Bayanan kaya da na kwastomomi duk suna cikin kwamfuta ɗaya a ofis, a wata tsohuwar manhaja da muke kira Kaka. Mai sito ba ya ganin komai daga inda yake, sai ya bugo waya a duba masa. In Kaka ta yi fushi ta daskare, mota sai ta wuni a bakin sito. Shi ya sa manajanmu, Alhaji Lawal, ya ce a mayar da komai kan intanet, kowa ya buɗe a wayarsa.

Shawara biyu aka kawo. Mista Iliya, shugaban sashenmu, mutumin Wusasa, ya ce a gina da PHP. A wannan tsarin babbar kwamfuta ce take haɗa shafi ta turo wa waya a shirye, ba nauyi, ba ado. Nazifi kuwa, da ya zo daga Kaduna neman kwangilar, React ya kawo. Ita sai waya ta sauke manhajar sukutum tukuna kafin ta nuna komai. Amma kyau! Kamar ɗakin amarya ranar jere.

Alhaji ya kira ni. "Iliya na da ra'ayinsa, baƙo na da nasa. Ke Zuwaira ba ki da ɓangare. Ki gwada su, ranar Litinin ki faɗa mini. In zaɓinki ya yi, in sa hannu a tabbatar da ke."

Ina matakin gwaji ne a lokacin, ƙaramar jami'a. Wannan sa hannun shi ne tsakanina da komawa gida zaman jiran aiki. Wai ba ni da ɓangare! Na ce, "To, ranka ya daɗe," ina kallon ƙasa.

Akwai wata al'ada ta ofishin nan da ya kamata ku sani. Alhaji ba ya yarda baƙo ya ji kunya a gabansa. Duk ranar da wani zai nuna mana kayansa, sai a tada babban janareta, a kawo fura mai sanyi, Alhaji da kansa ya bi ofis-ofis yana cewa, "Kowa ya sauka daga waifai, baƙo zai yi gwaji!" Haka aka yi wa Nazifi. Intanet ɗin kamfani gaba ɗaya ya zama nasa shi kaɗai. Manhajar ta buɗe kafin ƙiftawar ido, jadawalin kaya na lilo, launuka na shiga juna. Aka yi ta tafi. Ni na fi kowa, har tafina ya yi ja.

Washegari na ce masa ya kamata mu je Dutsen Abba masu sito su ma su gani. Ya ce madalla, mu tafi a motarsa. Mista Iliya ya zauna a gaba, ni a baya, ina ganin gefen fuskarsa a madubi. Duk ramin da muka faɗa a hanyar nan ban ji shi ba. Da ya ce, "Malama Zuwaira, sanyin esin bai yi miki yawa ba?" sai na ji kamar baiti ya rera.

Madam Ngozi ce mai kula da siton, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa kaifi. Mun tarar da mota na jiran lodi. Ta miƙo wayarta, ƙarama, fuskar ta tsage. Nazifi ya sa mata adireshin manhajar. Wani ɗan da'ira ya fito ya fara juyawa.

Ya yi ta juyawa.

"Injiniya," in ji Madam, "wannan abin naka tuwo yake tuƙawa ne?"

Direba ya leƙo. "Madam, kajin mutane fa ba su karya ba."

Nazifi ya fita waje ya ɗaga wayar sama, ya dawo, ya hau kan buhu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai na roƙi Mista Iliya ya buɗe nasa samfurin na PHP a wayar Madam. Shafin ya ɗan yi jinkiri, ya fito, fari fat da baƙin rubutu, mummuna kamar takardar asibiti. Madam ta ga adadin buhunan da take nema, ta ce a fara lodi.

A hanyar dawowa kuwa na ji kowane rami.

Ranar Litinin aka taru a ofishin manaja, Nazifi na zaune daura da ni. Na faɗi abin da na gani. Na ce PHP za mu ɗauka, domin masu sito ne za su yi aiki da ita, su kuma ba wanda zai sauka daga waifai dominsu.

Fuskar Alhaji ta canza. "Ke kika kai mini baƙo cikin buhuna? Wa ya ba ki izini? A gaban direba kika kunyata shi?" Ya mayar da bironsa aljihu. Na bi biron nan da kallo, na ce shi ke nan, aiki ya tafi, ango ma ya tafi.

Sai Nazifi ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a nan karrama ni aka yi, a can aka gwada ni. Gaskiya ta faɗa. Da kun saya, da kullum sai Madam ta tsine mini. Ku bi shawarar Mista Iliya."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Iliya, ka ci. Ke kuma mai taurin kai, kawo takardar."

Ban san yadda na sauko matakala ba. Ga aiki ya tabbata, ga gwarzo ya tsaya mini a gaban jama'a, sannan a bakin ƙofa ya ce in ba shi lambata! Ranar na kasa cin abinci. Da yamma waya ta yi ƙara, na bari ta ɗan jima saboda aji, na ɗauka da siririyar murya.

"Malama Zuwaira, don Allah wace irin waya ce ta Madam Ngozi? Ina so in sayi irinta saboda gwaji."

Na faɗa masa. Ya yi godiya sosai.

Ni da Mista Iliya muka gina manhajar, ita ce kakar wadda kuke aiki da ita yanzu. Abin da nake so ku riƙe shi ne, in za ku zaɓi fasaha, ku kai ta sito mafi nisa, a waya mafi rauni, a ranar da ba a yi mata shiri ba. Mutanenmu masu kara ne, kuma ba na so su daina. A ba baƙo fura, amma kowa ya zauna a kan waifai ɗinsa.

Nazifi yanzu yana da kamfaninsa a Kaduna, yana yi wa 'yan kasuwar hatsi manhajoji marasa nauyi. Ya yi aure, ya ajiye tumbi. Bara ya kira ni, muryar tana nan yadda na san ta. "Zuwaira, na daɗe ina so in tambaye ki wani abu." Ni da 'ya'yana da furfurata, sai da gabana ya faɗi. Wai so yake in koma wurinsa shugabar sashen gwaji. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara da maigidana. Har yanzu yana jira.