Kifin Katakon da Ya Rage

Mahaifina basarke ne, masunci mutumin Yauri, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa da koma ko taru a hannu ba. Shi giwan ruwa kawai yake nema, kuma da abu ɗaya yake nemansa: wani kifin katako mai tsawon taƙi guda, da ɗan harshen ƙarfe a ƙarƙashin bakinsa, da ƙugiyoyi biyu masu baki uku-uku, ɗaya a ciki, ɗaya a wutsiya. Ɗaura shi ake yi a igiyar fatsa, a sake shi bayan jirgi, a yi ta tuƙi a hankali. In ya shiga ruwa sai ya riƙa rangaji, ya karkata nan, ya karkata can, ya ɗan tsaya kamar kifin da ba shi da lafiya. Giwan ruwa ba ya iya ganin haka ya wuce.

Wani Bature ne ya ba shi, cikin waɗanda suka yi aikin madatsar ruwan Kainji. Baba yana saurayi a lokacin, shi ke tuƙa masa jirgi ranakun hutu. Da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa guda uku. Kifi ya tsinke igiya ya tafi da ɗaya, saiwar itace ta riƙe ɗaya a ƙarƙashin ruwa, saura ɗaya. Fentinsa ya koɗe, jikinsa duk tabon haƙoran kifin tsage. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka yi mana kayan salla.

Ni ruwa bai karɓe ni ba. Kasuwa ta ja ni Kano, daga Kano na faɗo Dubai, ina sayen kayan gyaran mota ina lodawa a kwantena. Mu huɗu ne a ɗaki a Abu Hail, kowa da kai-kawonsa. A shekarun nan ji nake babu wanda ya kai ni sanin duniya.

Wani zuwa gida da na yi, ana gobe zan juyo, Baba ya sa aka kira ni zaure. Ni ne ɗan fari, don haka ba ya faɗin sunana.

"Kai, an ce garin nan da kake zuwa babu abin da babu."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya warware wani tsumma, ya fito da kifin. "Tafi da shi ka nuna musu. In akwai ɗan'uwansa ka sayo mini ko da ɗaya ne. Shi kaɗai ya rage, duk sanda na sake shi a ruwa gabana faɗuwa yake yi. Amma ka dawo mini da shi kafin ruwa ya ja."

Na karɓa da hannu biyu, na ce abu mai sauƙi.

Kwana huɗu na yi ina zaga shagunan kayan kamun kifi na Deira, can wajen bakin ruwa. Kifayen roba kam ga su nan a rataye, masu walƙiya, masu ƙara a ciki, har da masu fitila. Irin na Baba babu. A shago na ƙarshe na tarar da wani tsoho mutumin Iran. Ya sa tabarau, ya juya shi a hannu ya daɗe, ya shafa harshen ƙarfen da ɗan yatsa.

Ya ce, "Khalas, habibi, an daina yin wannan tun da daɗewa. Masu yin sa suna nan, amma yanzu roba suke zubawa. Sunan ɗaya ne, tafiyar ce ba ɗaya ba."

Ya ce a ƙasashen sanyi akwai masu kamun manyan kifaye da har yau suke kewar tsohon yayi. Wanda yake da shi ba ya sayarwa, wasu ma sun daina jefa shi a ruwa don tsoron asara. Sai ya naɗe shi a tsummansa da kansa, ya miƙo mini. "Mayar wa tsohonka abinsa."

Da na ji maganar nan da yau ban zauna rubuta wannan ba. Haushi ma ta ba ni. Mu a sana'armu "babu" ba amsa ba ce. In abu ya ɓace a kasuwa, guda ɗaya kake nema ka kai wa masu zubi a matsayin samfur, su fitar maka da katan-katan. Da haka na yi suna wajen masu sayen kayana a Kano. Na ce a raina, tsoho ya ce ɗaya, ni kuwa ɗari biyu zan dire masa, ya san ya haifi ɗa.

Akwai wani Ba'indiye a Ras Al Khor da ke zuba mini ƙananan robobin mota. Na kai masa, na ajiye a kan teburinsa tsakanin kusoshi da kofin shayi. Na ce samfur ne, iri ɗaya sak nake so, nauyi da komai. Ya kaɗa kai, ya ce kwana goma. Ko juyowa ban yi na sake kallon kifin ba, waya nake amsawa.

Ranar da na koma, katan yana jirana. Na buɗe, ga su jere, sumul, har launin da ya koɗe ya kwaikwayo. Na yaba masa. Sannan na ce ina na asalin. Ya ja aljihun tebur ya ɗauko ambulan. Kifin ne a ciki, an raba shi gida biyu. Ya tsaga shi da zarto tun daga baki har wutsiya, don ya ga inda aka dasa darmar da ke ba shi nauyi.

Na yi masifar da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, da Hausa, da gutsuren Larabci, da Turanci, har ma'aikatansa suka kashe inji. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, samfur ka ce."

Gaskiyarsa. Sau nawa na tsaya ana fasa samfur a gabana ina cewa a yi sauri? Samfur ba ya komawa gida, kowa ya san haka, ni ma na sani. Ranar da na kawo shi ban ce masa na ubana ne ba. Ban ce masa komai ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma babu wanda zan ɗora wa. Na fito na zauna a bakin titi cikin ranar nan mai dafa ƙwaƙwalwa, manyan motoci na wucewa, ambulan a hannuna. Kunya na ji.

Abokin ɗakina, wani ɗan Kano mai sayen yadi, ya ce in ce jami'an filin jirgi ne suka ƙwace saboda ƙugiyoyin. Ya ce tsoho zai yi Allah ya isa ya haƙura. Na riƙe ƙaryar nan, na yi ta gyara ta a baki. Na kira gida, Inna ta ce ruwa ya fara ja, Baba kullum sai ya je bakin kogi ya tsaya ya dawo. Ba ta ce yana tambaya ba, don ba zai tambaya ba.

Da na isa Yauri katan ɗin na fara gabatarwa. Baba ya ɗauki ɗaya, ya auna a tafin hannu, ya mayar. Da safe ya ce in zo mu shiga jirgi. Ni ke tuƙi, hannuna duk ya manta. Ya saki sabon a baya, ya ɗora igiyar a kan yatsansa, ido a lumshe. Ba mu yi nisa ba ya janyo ta.

"Wannan lafiyayye ne, gudu yake yi," in ji shi. "Giwan ruwa ba ya wahalar da kansa a kan lafiyayye. Miƙo tsohon."

Ƙaryar tana bakina. Na dubi hannun da ya miƙo, na kasa. Na ciro ambulan daga aljihu na ba shi, na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ya zazzage su a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon cikin katakon, fari tas kamar jiya aka sassaƙa. Ya danna da farce, ya kai hanci ya shinshina.

"Ko ɗigon ruwa bai shiga ba," ya ce. "Shekara nawa."

Na ce, "Baba, ku yafe mini."

"Ai ba da gangan ka yi ba. Juya jirgin."

Ya haɗa su biyun, ya ɗaure da guntun igiya, ya sa a aljihun gaba. Na roban ya raba wa samarin unguwa, an ce sukan kama tsage da su jefi-jefi. A satin ya aika gidan ƙanensa a aro masa koma, ya bi sahun masu jefawa a bakin gaɓa, shi da furfurarsa.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Har yau ina zuwa ina dawowa, nakan kawo masa turare, da agogo, da dabino, ya karɓa ya sa albarka. Duk ranar tafiya nakan durƙusa a zaure in ce, "Baba, ko akwai saƙo?"

Sai ya ce, "Babu. Allah ya kiyaye hanya."