Marlene Szabo, Wadda Ta Mayar da Mijina Bayan Sitiyari

Kowace safiya, kafin motocin 'yan makaranta su fara wucewa, Marlene Szabo ta riga ta ɗaga ƙofar garejinta da ke gabashin birnin Toledo. Takan jona tukunyar kofi, sannan ta zagaya motocin da suka kwana a wurinta tana leƙa ƙarƙashin kowace. In ta ga ɗigon mai a ƙasa sai ta dangwala da yatsa, ta shinshina, ta yi wa motar faɗa kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. Daga nan ta kunna rediyo, ta ɗaure furfurarta da tsumma, ba za ka sake ganin fuskarta ba sai rana ta take, sai dai ƙafafunta da suka leƙo daga ƙarƙashin wata mota.

Shekararta sittin da takwas. Garejin na mahaifinta ne, a cikinsa ta tashi, a cikinsa ta tsufa. A ƙarshen watan nan za ta ajiye sifana, don ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta har ba ta iya murɗa noti sai ta cije leɓe. Ni sunana Yvonne Pruitt, matar Curtis Pruitt, kuma na ce ba zan bari ta rufe ƙofar nan shiru ba.

Tserenmu ba irin wanda ake nunawa a talabijin ba ne. Ranar Lahadi muke taruwa a filin ajiye motoci na wata tsohuwar masana'anta, a jera turakun roba masu ruwan lemo su zama hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga, agogo na ƙirga mata, in ta buge turke a ƙara mata lokaci. Yawancin mutanenmu kuwa tsofaffin motocin nan suke so, na zamanin iyayenmu, masu ƙaton inji da dogon hanci. An ƙera su ne don su miƙe a kan hanya su yi ta gudu. In suka iso kwana sai su karkace kamar kwale-kwale. Aikin Marlene na tsawon rayuwarta shi ne koya wa irin waɗannan motoci shan kwana.

Lowell Haas, shugaban ƙungiyarmu, yana yawan ba da labarin ranar da ya fara zuwa wurinta. Ya kawo motarsa yana so a ƙara wa injin ƙarfi. Ta karɓi makulli, ta zagaya unguwa sau ɗaya, ta dawo ta miƙa masa abinsa, ta ce ba za ta taɓa injin ba sai an canza birki da sifirin, domin ƙarfin da yake da shi ma bai iya tsayar da shi ba. Ya tafi cikin fushi, ya kwana yana tunani, ya dawo. Ita ce kuma ke duba lafiyar motoci kafin a fara tsere, kuma mutane da yawa sun ga ranar da ta hana ƙanenta Gabor shiga fili saboda tayarsa ta gaba na girgiɗi. Ya roƙe ta, ya tuna mata cewa ciki ɗaya suka fito. Ta ce shi ya sa ma. Ranar a gidan mahaifiyarsu suka ci abinci bai ce mata uffan ba.

Wannan abin da wasu suka gani ke nan. Ga wanda ni na gani.

A da Curtis rufin gidaje yake yi. Yana da mota ƙirar Chevelle ta 1970, koriya, wadda ya saya tun kafin ya san ni, kuma duk Lahadin bazara a filin nan muke yini da ita. Shekara huɗu da suka wuce ya faɗo daga saman wani gida, ƙashin bayansa ya karye. Likitoci sun ceci ransa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina ji. Da aka sallamo shi sai ya kafa kekensa na guragu a bakin tagar falo, ya yi shiru. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya bar ni in ji labarai saboda surutu, ya koma eh da a'a. Abokansa suka yi ta zuwa yana cewa in ce musu yana barci. Abinci ma sai na tsaya a kansa. Na fara ɓoye magungunansa a jakata, ban gaya wa kowa dalili ba.

Wata rana ya ce in kira Marlene ta zo ta ɗauke motar, ta nemo mai saye. Ba ya son ya riƙa hango ta daga taga.

Ta zo da motar janwe. Ba ta tsaya a waje ba, ta shigo har falo da takalmanta masu baƙin mai, ta zauna a hannun kujera tana kallonsa. Ba ta yi masa jaje ba, ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta ce ya miƙo hannu. Ya miƙa mata na dama a tunaninsa gaisawa za su yi, sai ta ce ya matse nata iyakar ƙarfinsa. Ya matsa har ta yamutsa fuska.

"To, ashe da sauranka," in ji ta. "Na ɗauka duk ka narke."

Ta ja motar ta tafi. Da yamma ta kira ni ta ce ba sayarwa take son yi ba. Tana so ta mayar da birki da totur su koma hannu, Curtis ya sake tuƙa abarsa, a fili, cikin tsere. Na ce mata a'a. Na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa babba, na ce rabin mijina aka maido mini daga asibiti, ba zan ba ta sauran rabin ta ɗora a motar tsere ba. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce ba za ta kwance ko noti ɗaya ba sai ni da Curtis mun yarda, kuma ba za ta yi komai a bayan idona ba. Ta ce in dai na ƙi, gobe za ta nemo mai saye. Amma ta tambaye ni, tsakanin filin nan da bakin tagar nan, wanne na fi tsoro. Bayan kwana biyu na kira ta na ce na yarda.

Shi ma da farko ya ƙi. Ya ce ba ya son motar tausayi. Marlene ta ce ita ma ba ta da tausayin da za ta ba shi, matsalarta ita ce wayoyin lantarkin da ya cusa a motar nan tun yana saurayi, babu mai gane kansu sai mahaukacin da ya haɗa su. In bai zo ya warware mata ba, za ta datse su duka da almakashi. Washegari ya ce in kai shi gareji, na awa ɗaya kawai. Muka tarar ta yanke ƙafafun wani teburin aiki daidai tsayin kekensa. Ba ta ambaci teburin ba, shi ma bai ambata ba.

Ke ce, Marlene, kika san cewa namiji irin Curtis ba a ɗaga shi da lallashi. Ke ce kika ba shi aiki a lokacin da kowa ke ba shi haƙuri.

Duk lokacin sanyin nan a garejin suka ƙare shi, kuma faɗa suka fi yi a kan aiki. Babban rikicin a kan giya ne. Motar mai giyar hannu ce, da kuloci a ƙafa, kuma Curtis yana alfahari da yadda yake sauya ta. Marlene ta ce dole a cire giyabos ɗin gaba ɗaya, a sa mai sauya kansa, wanda za a iya ba shi umarni da maɓalli a jikin sitiyari. Curtis ya ce wannan giyar masu zuwa cefane ce. Ta ce hannu biyu gare shi, ɗaya na sitiyari, ɗaya na birki da totur, in ya ɓoye na uku ya fito da shi ta gani. Ranar da aka sauke tsohon giyabos ɗin ƙasa, ya ɗora tafinsa a kai ya daɗe bai ɗauke ba. Marlene ta ce kofi ya ƙare, ta ja ni muka fita saye, alhali tukunyar a cike take.

Daga nan aiki ya miƙe. Ta yanke farfela, ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ta rage tsawonta don ta dace da sabon giyabos, ta canza haƙoran bayan motar yadda tayoyin baya biyu za su riƙa turi tare in an fito daga kwana. Ta sa birki mai faifai a ƙafa huɗu, da sifirin masu tauri da sababbin shokazoba, motar ta durƙusa ƙasa, har ya zamana kujerar direba ta zo kusan daidai da kekensa. Ta sassauta sitiyari yadda hannu ɗaya zai juya shi. A gefen dama ta ƙera wani sandan ƙarfe da hannunta: in ya tura gaba birki, in ya jawo baya wuta. 'Yan ƙungiya suka riƙa zuwa ranar Asabar, wannan ya riƙe fitila, wancan ya kawo tsiran alade da burodi, Gabor ya yi walda.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Da ƙanƙara ta narke muka je filin babu kowa sai mu. A kwana ta biyu jikin Curtis ya zame gefe, don ba shi da ƙafar da zai dogara da ita. Da ya zame sai hannunsa ya fizgi sandan, motar ta yi ƙara, ta juya sau biyu tana kwasar turaku, ta tsaya dab da shingen waya. Na ruga wurinsa. Ya ce a mayar da shi gida, wasan ya isa.

Marlene ta durƙusa a bakin ƙofar motar, da gwiwoyin nan nata da ba sa son durƙuso.

"Laifina ne, Curtis. Na yi ta tunanin hannunka, na manta da ƙugunka. Ka ba ni dama in gyara."

Ban taɓa jin ta roƙi wani ba sai ranar. Ya ce mata sandan ma ya cika saurin amsawa, kamar bakinta. Ta ce ta ji.

Ta cire kujerar, ta zaunar da shi a cikin wata sabuwa, ta yi ta cusa soso tana yankewa har kujerar ta rungume shi daga cinya zuwa haƙarƙari, ta ƙara bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu. Ta sake ƙera sandan. Lowell ya ce kafin ƙungiya ta yarda, sai Curtis ya nuna zai iya fitar da kansa daga motar cikin sauri in wuta ta tashi. Marlene ba ta yi gardama ba, ta ce gaskiya ne, ta sa shi ya yi ta fita yana komawa a kan wata tsohuwar katifa har kafaɗunsa suka yi tsami. Ranar tsere kuma ta ƙi duba motar da kanta. Ta ce aikin hannunta ne, idonta zai iya yi mata kara, ta kira wani ya duba, ta tsaya nesa ta harɗe hannu.

Da aka kira lambarsa ban iya kallo ba. Na juya baya ina jin kukan injin yana hawa yana sauka, tayoyi na ƙara a kowace kwana. Marlene ta kama kafaɗata ta juyo ni, ta ce in buɗe ido, ba don ta kalla ita kaɗai ta yi wannan wahala ba. Na ga koriyar motar nan ta shiga doguwar kwana a miƙe, ba karkata, ta fito da gudu. Ya buge turke ɗaya a kusa da ƙarshe. Bai zo na ɗaya ba, bai zo kusa da na ɗaya ba, a tsakiyar jerin ya faɗo.

Na isa wurinsa ina kuka. Ya cire hular kwano, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya dube ni ya ce ina Marlene, tayoyin baya iska ta yi musu yawa, ya gaya mata tun da safe ba ta ji ba. Ita kuma daga can ta ce ba iska ba ce, direba ne ya makara da birki. Suka kaure da gardama a gaban jama'a. Har muka isa gida bai yi shiru ba, yana ba ni labarin kowace kwana. A makon na mayar da magungunansa cikin kabad.

Yanzu kusan kullum yana garejin, shi ke yin aikin wayoyi. Mutum biyu masu keke irin nasa sun riga sun zo daga wasu garuruwa don a yi wa motocinsu irin wannan gyara, kuma Marlene ta koya wa Curtis da Gabor yadda ake ƙera sandan nan, don ta san hannunta ya kusa gajiya. Curtis da Gabor ne za su ci gaba da buɗe ƙofar. Ta ce za ta riƙa zuwa ranar Juma'a ta ga ɓarnar da suka yi.

Marlene 'yar Szabo, gwanar ƙarfe, na san in kin karanta wannan za ki ce na cika surutu, ki tambaya ko na duba man motata. Ban duba ba. Amma na gode. Ke ce kika ji zagina ba ki riƙe ba, kika amsa kuskurenki a durƙushe, kika maido mini da muryar mijina cikin gida. Allah ya sassauta miki ciwon yatsun nan, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma da kuke da wata sana'a a hannu, ko ta ƙarfe ko ta allura, ku duba cikin unguwarku. Akwai wanda ya rufe ƙofa ya ce a ce yana barci. Kada ku tsaya a waje ku aika gaisuwa. Ku shiga har inda yake zaune, ku ce ya miƙo hannu.