Gabas a Yamma

Kwas ɗin noman shinkafa ne ya kai ni Japan, ni da ban taɓa wuce Abuja ba. Mu biyu ne daga yankinmu, ni daga Dandume, sai wani Alhaji ɗan Danja mai son wasa. Wata Asabar aka kwashe mu a jirgin ƙasa zuwa wani tsohon gari a bakin teku, wai mu huta mu ga wuraren bautarsu.

Garin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ga tsafta, ga itatuwa, ga mutane masu ladabi. Amma duk lungun da ka leƙa ɗakin bauta ne, ko mutum-mutumin dutse an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Muna cikin yawo La'asar ta yi.

A masauki akwai alamar alƙibla a bango, bi kawai nake yi ban taɓa tunani ba. Nan kuwa sai na duba rana, na ba ta baya kamar yadda na saba tun ina yaro, na fara neman inda zan shimfiɗa darduma. Alhaji ya miƙo mini wayarsa yana dariya.

"Malam, ina za ka? A ƙasar nan gabas a yamma take."

Na dubi kibiyar alƙibla da ke wayar, tana nuna wajen faɗuwar rana. Raina bai so ba, amma gaskiya ce, mun wuce Makka. Na juya, sai ga wani ƙaton mutum-mutumi zaune a gabana. Na matsa wani fili, ƙofar ɗakin bauta ce ta tare ni. Na haura tudu, maƙabartarsu ce.

"Ka bari mu koma masauki," in ji Alhaji. "Matafiya ne mu, Allah ya yi mana sauƙi."

Ban yi masa musu ba, amma na san kafin jirgi ya kai mu rana ta faɗi. Ni kuma kaina da tauri, iyalina shaida ne. Na ce masa ban ƙetaro duniya don La'asar ta kuɓuce mini ina kallo ba. Na gaya wa matar da ke mana jagora in na makara su tafi, zan nemi hanya. Ta rusuna, ta nuna mini titin da ya gangara teku.

Na yi ta sauri ina haki, wayar Alhaji a hannuna, rana na yin ƙasa, har na taka yashi. Na yi alwala da ruwan teku, gishiri ya cika mini baki. Da na bi kibiyar, ba komai a gabana sai yashi da ruwa. Na kabbara, rana na dukan fuskata, abin da bai taɓa faruwa da ni a La'asar ba. Ina sallamewa na ga Alhaji a gefena, ƙafar wandonsa jiƙe.

A jirgi na kira mahaifina a gida, na ba shi labarin alƙiblar.

"To ashe in ka tsaya sallah mu kake kallo," ya ce. "Mu ma kai muke kallo."

Na juya fuskata wajen taga.