Lemun Ishbiliya

Babanmu direba ne a gidan wani attajiri a Jidda. Sau ɗaya tak ya taɓa taka ƙasar Turawa, a farkon shekarun saba'in, amma har ya koma ga Allah ba mu huta da labarin ba. Ciwon ido ne ya kama maigidan nasa, aka ce sai likitocin Barshaluna, shi ne ya tafi da Baba don ya riƙe masa jaka. Da idon ya washe, sai attajiri ya ce bari ya gwada shi a kan garuruwan Andalus kafin su dawo.

Kafin wannan tafiya gidanmu ba lafiya. Yayana, wanda gemu ya fara tsiro masa a lokacin, ya haura katangar gidan attajirin ya cika aljihu da kurna. Kurna fa, wadda awaki ke takawa! Mai gadi ya kama shi, ya ja shi har gaban maigida, Baba yana tsaye da tsumman goge mota a hannu. Attajirin dariya ma ya yi. Baba ne bai yi ba. Ya dawo gida ya ce hannun da ya ɗauki abin wani ba zai ƙara shiga tire ɗaya da nasa ba. Yaya ya koma kwana wurin Kawu, ƙanin Umma, wanda ke aikin dako a tashar jiragen ruwa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Kawu ya nema masa wuri a jirgin da zai tafi Bur Sudan, don ya je ya zauna wurin dangi. Ranar Asabar jirgin zai tashi, Baba kuma ya sauka daga ƙasar Turawa ranar Laraba. Umma ta daina cin abinci, ni kuma ina jin haushin kowa.

Ranar Alhamis bayan la'asar maƙwabta suka cika tsakar gidanmu don yi wa Baba barka da zuwa. Ya zauna a tsakiya da wata baƙar hula mai faɗi a ka, a zafin Jidda, gumi na bin wuyansa. Kawu ma ya zo, ya jawo Yaya, amma Yaya ya toge a bakin ƙofa. Baba ya gan shi sarai, ya yi kamar ƙofar ce kawai a wurin.

Sai labari ya ɓalle. A Madrid, in ji shi, kowane kanti ka leƙa ƙafafun alade ne rataye, don haka shi burodi da zaitun da wainar ƙwai da dankali ya yi ta ci har ya dawo. An kawo musu wata shinkafa rawaya a faranti kamar murfin tanki, da ƙwarin teku a kai suna kallon mutum da idanunsu, ya ce shi ba ya cin abin da ke kallonsa. A Kurduba ya shiga masallacin da ginshiƙansa suka fi ƙarfin ƙirga, ya tayar da kabbara, wani ɗan sanda ya taɓa masa kafaɗa, wai yanzu ba a salla a nan. Ya ga mata masu rawa suna dukan ƙasa da dunduniya kamar masu kashe kyankyasai. Aka tambaye shi yaya aka yi ya gani, ya ce ai jakar maigida yake riƙe da ita, ba shi da yadda zai yi. Mutumin da ko a rediyo bai yarda a kamo mana waƙa ba!

Duk wannan share fage ne. Ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda za ta kai bakin ƙofa.

"Amma Ishbiliya, jama'a, nan na ga tarbiyya. Itatuwan lemu ne jere a kan titi, hagu da dama, sun yi 'ya'ya har rassa na rinjaya. Babu katanga, babu mai gadi. Yara na wucewa ta ƙarƙashi za su makaranta, wallahi ko ɗaya bai ɗaga hannu ba. 'Ya'yan Nasara ke nan fa. Mu kuwa namu, ɗan Musulmi jikan Musulmi, katanga yake haurawa."

Na hango Yaya ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa, na ji kamar in kwaɗa wa hular nan ludayi.

Baba ya ce in ɗauko masa jakar da ya hana kowa taɓawa. Ya zazzage ta a tire, sai ga lemu jawur, manya, ƙamshi ya cika gidan. Ya ce ko ɗaya bai sha ba, ya adana ne don a sha da shi a shaida. Ya ɓare na farko ya miƙa wa Kawu.

Kawu ya jefa a baki. Fuskarsa ta tattare wuri guda, ido ɗaya ya rufe, ya ce, "Ya Latif!" Maƙwabcinmu tela ya karɓa, ya tauna, ya tashi ya nufi bakin kwata ba sallama. Baba ya harare su, ya jefa nasa. Na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka, jijiyar goshinsa ta fito. Tsami ne da ɗaci a haɗe, irin wanda ke kashe haƙori. Ya haɗiye da ƙyar ya ce, "Haka nasu yake. Sai wanda ya waye."

Umma tana bakin kicin, ba ta saba sa baki in maza na zaune ba. Ranar ta sa.

"Malam, ashe shi ya sa yaran ba sa tsinka."

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Umma ba ta gama ba.

"A wace kasuwa ka sayo shi?"

"Wace kasuwa? Da hannuna na tsinko."

"Wa ka tambaya?"

Baba ya shiga gyara zaman hularsa. Umma ta ce, "Ikon Allah. Gari guda babu mai tsinka, sai baƙo daga Jidda." Ta koma ciki ta ci gaba da jajjagenta.

Maƙwabta suka fara tuna cewa magariba ta kusa, alhali rana tana nan daram. Baba ya cire hular ya ajiye a gefe. Ya daɗe yana kallon tulin lemun nan da ya ɗauko tun daga wata duniya. Sannan ya ɗauki ɗaya ya shiga ɓarewa, bai dubi ƙofa ba.

"Kai, tsayuwar me kake yi kamar mai gadi? Yalla, zo ka taya ni. Ba zan iya da shi ni kaɗai ba."

Yaya ya tako a hankali ya durƙusa, ya sa hannu a tiren. Suka yi ta sha, uba da ɗa, babu wanda ya yarda ya fara yamutsa fuska. Hawaye na zuba a idon Yaya, na Baba ma sun cika, muka bar shi a kan tsamin lemu ne. Ranar Asabar jirgin Bur Sudan ya tashi, Yaya yana gida yana fama da haƙoran da suka ƙi tauna ko burodi.